Yadda ake haddace irregular verbs na Turanci su zauna daram a kai

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina yi wa yara lesin ɗin Turanci da yamma a nan cikin garin Bauchi, yawancinsu 'yan ajin ƙarshe na sakandare ne masu shirin WAEC da NECO, wani lokaci kuma har da manya, ɗan kasuwan da yake son ya riƙa tura wa abokan cinikinsa na kudu saƙo a WhatsApp ba tare da fargaba ba, ko matar aure da ta yi niyyar komawa karatu. Duk cikinsu da wuya ka sami wanda bai kawo min kukan abu ɗaya ba, wato kalmomin aikatau ɗin nan da ba sa bin ƙa'ida, waɗanda littafi yake kira irregular verbs. Yaro zai rubuta maka wasiƙa tunaninsa a tsare, rubutunsa mai kyau, sai ka ci karo da "I buyed", "she has went", "did you saw him", maki ya yi ta zubewa a banza, wallahi abin yana ci min rai domin abu ne da ake gyarawa cikin sati biyar.

Mu lokacin da muke ɗalibai malami ne zai cika allo da jeri tun daga harafin A, arise arose arisen, awake awoke awoken, ya ce gobe kowa ya zo da hadda, wanda ya kasa ya sha bulala. Mukan haddace kuwa mu kawo, bayan sati biyu ko ɗaya babu a kai, kuma har aka yi hutu ba mu wuce harafin D ba. Su take da tell da think da write, waɗanda su ne mutum yake buƙata kullum, suna can ƙasan jerin ba mu taɓa isa wajensu ba. Hanyar da zan kawo a nan ita ce wadda muka yi ta gyarawa ni da ɗalibaina har ta zauna.

Ga ɗan bayanin da ya kamata ka sani kafin a fara, ba shi da yawa. A Hausa ba kasafai aikatau yake motsawa saboda lokaci ba, ɗan abin da ke gabansa ne yake ɗaukar nauyin: na saya, zan saya, nakan saya. Turanci kuma kalmar kanta yake taɓawa. Yawancinsu -ed kawai ake liƙa musu, cook cooked, wash washed, shi ke nan. Amma akwai kusan 200 da ake amfani da su waɗanda suka ƙi wannan, yawancinsu tsofaffin kalmomi ne da harshen ya gada tun asali, kuma su ne aka fi faɗa a baki, shi ya sa ba su goge ba. Duk sabuwar kalmar da ta shigo Turanci yau -ed take ɗauka, kamar texted da downloaded, saboda haka jerin ba ya ƙaruwa, in ka gama ka gama. A cikin 200 ɗin ma in ka riƙe 120 da kyau ka wuce wajen.

Kada kuma ka ce Turanci ne kawai yake da wannan hali. Dubi jam'i a Hausa: akuya awaki, tunkiya tumaki, saniya shanu, mace mata, doki dawakai. Wace ƙa'ida ce ta kai ka daga saniya zuwa shanu? Ba wanda ya zaunar da kai ya ba ka jeri, ji ka yi ta yi a cikin magana, ka faɗa, aka gyara maka, har ya zama in wani ya ce "saniyoyi" kunnenka ne zai fara ƙi kafin kanka. Wanda ya taɓa Sarfu a Islamiyya ma ya san irin su ƙala yaƙulu da ba sa tafiya kamar kataba yaktubu. To abin da muke so mu yi wa kunnenka ke nan da Turanci.

KAYAN AIKI

Littafin rubutu guda ɗaya mai warƙa 60, wanda ba za ka haɗa shi da wani darasi ba. Biro biyu, shuɗi da ja, da rula. Farin kwali irin wanda ake sayarwa a shagunan littattafai, in babu kuɗinsa kwalin sukari ko na ganyen shayi ko na sabulu ya isa tunda cikinsa ba rubutu. Almakashi ko reza. Gwangwani uku wankakku, na madara ko na tumatir, in babu ka nemi robar ɗaure kuɗi guda uku. Sai jerin kalmomin kansu, yawancin ƙamus na ɗalibai suna da shi a shafukan ƙarshe, littattafan Turanci na sakandare ma haka, ko ka ari na wani ka kwafa. Waya tana taimakawa wajen jin furuci da naɗar murya amma ba dole ba ce. Abin da ya fi waya muhimmanci shi ne mutum ɗaya da zai riƙa yi maka tambaya, ƙaninka ko abokinka ko matarka, ko bai iya Turanci sosai ba in dai yana iya karanta abin da ke jikin kati. Da minti 20 a rana, ni na fi son bayan sallar asuba kafin gida ya kaure da hayaniya.

MATAKI NA 1: Ja layi, ka san aikin kowane gida

Buɗe littafin ka raba shafi gida huɗu. Gida na ɗaya asalin kalma, gida na biyu abin da ya wuce wanda littafi ke kira past tense, gida na uku wanda suke kira past participle, gida na huɗu ma'ana da Hausa. A saman gida na ɗaya ka rubuta "Every day I" da jan biro, a saman na biyu "Yesterday I", a saman na uku "I have". Wannan ɗan rubutun na sama kada ka raina shi, shi ne rabin aikin. Yawancin yaran da suke zuwa wajena sun iya rera eat ate eaten kamar waƙa amma ka tambaye su ina ake sa eaten sai su yi shiru. In kullum idonka yana ganin "I have" a kan gida na uku, bakinka zai saba da cewa eaten ba ya tafiya shi kaɗai.

MATAKI NA 2: Fara da manyan

Satin farko kada ka taɓa komai sai waɗannan, domin da wuya ka yi jimla uku a Turanci ba ka taka ɗayansu ba: be was/were been, have had had, do did done, go went gone, say said said, get got got, make made made, know knew known, take took taken, see saw seen, come came come, give gave given, think thought thought, tell told told, eat ate eaten. Guda 15 ke nan, uku a rana kwana biyar. Na san za ka ce ai ka san su. Rufe littafin ka rubuta su da ka tukuna, mutane da yawa a nan suke gane cewa come came come ne, su kuma "have came" suke rubutawa shekara da shekaru.

Went ba ta yi kama da go ba saboda asalinta daga wata tsohuwar kalma ce daban, wend, aka aro ta ta zauna a gidan go. Kada ka nemi dalili a irin waɗannan, riƙe su kawai yadda ka riƙe mace da mata.

MATAKI NA 3: Raba sauran dangi-dangi, ta hanyar sauti

Nan ne sirrin yake, kuma nan zan daɗe. Kalmomin nan da ake cewa ba su da ƙa'ida suna da dangi, in ka kama ɗaya daga cikin dangin sauran za su biyo shi. Kowane dangi ka ba shi shafinsa a littafi, ka bar fili a ƙasa don waɗanda za ka tsinta daga baya.

Dangin da ba sa canzawa ko kaɗan: cut, put, shut, hit, set, let, cost, hurt, burst, split, spread, cast. Duk gida ukun iri ɗaya ne. Su ne mafi sauƙi kuma su ne ake yawan faɗawa ramin su, domin hannu yana ƙaiƙayin ƙara -ed. Lokacin zaɓe za ka ji mutane har masu digiri suna "I casted my vote", daidai shi ne I cast my vote ko da jiya ne. Haka "the car hitted him" kuskure ne. Read ma a nan take a rubuce, read read read, amma a baki na farko "rid" ne, na biyu da na uku "red" kamar jan launi.

Dangin -ought da -aught: buy bought, bring brought, think thought, fight fought, seek sought, sai catch caught da teach taught. Gida na biyu da na uku iri ɗaya ne, kuma gh ɗin ba a furta shi sam. Wajen rubutu yara suna rikita o da a, dabarar da nake ba su ita ce su duba asalin kalmar, catch da teach suna da harafin a a cikinsu, to su ne masu -aught, sauran duka -ought.

Dangin da doguwar "ii" take gajarcewa ta koma "e": keep kept, sleep slept, sweep swept, weep wept, feel felt, leave left, mean meant, meet met, feed fed, lead led, bleed bled. Ka lura led babu a a cikinta.

Dangin da d take komawa t: send sent, spend spent, lend lent, bend bent, build built. Sai ƙananan gidaje masu mutum biyu zuwa huɗu, sell sold da tell told, say said da pay paid da lay laid, stand stood da understand understood, sai find found, bind bound, wind wound, grind ground. Wannan ta ƙarshen ku riƙe ta mata masu sana'ar yaji da garin kunu, niƙaƙƙen barkono ground pepper ne, na sha ganin "grinded" da "grounded" a jikin roba an buga sitika mai kyau an kashe kuɗi.

Dangin i, a, u, wanda yara suka fi so domin yana da daɗin rerawa: sing sang sung, ring rang rung, drink drank drunk, begin began begun, swim swam swum, sink sank sunk, shrink shrank shrunk. Amma hattara, bring ba ɗan gidan nan ba ne ko da ya yi kama da ring, babu wani "brang". Think ma haka.

Dangin -ew da -own: know knew known, grow grew grown, throw threw thrown, blow blew blown, fly flew flown, sai draw drew drawn da ya ɗan karkace.

Dangin o da -en: speak spoke spoken, break broke broken, steal stole stolen, choose chose chosen, freeze froze frozen, wake woke woken. Kusa da su akwai write wrote written, ride rode ridden, drive drove driven, rise rose risen, waɗanda a gida na uku suke komawa gajeriyar i. Written t biyu ne, ridden d biyu, amma writing t ɗaya, wannan kuskuren kaɗai na gyara shi ya fi a ƙirga. Sai wear wore worn, tear tore torn, swear swore sworn. Sai take da shake da mistake masu -ook da -aken.

Masu komawa gida: come came come, become became become, run ran run. Na uku ya koma kamar na farko.

Wani abin da zai rage maka aiki, kalmar da aka yi wa ƙari a gaba yawanci tana bin uwarta. In ka san give ka san forgive, in ka san take ka san overtake da undertake, in ka san stand ka san withstand, draw ta ba ka withdraw withdrew withdrawn da kake gani a POS kullum. Waɗanda suka rage ba su da dangi, irin su sit sat, win won, lose lost, hold held, hear heard, dig dug, fall fell fallen, beat beat beaten, ka yi musu shafi guda ka kira shi shafin marayu, ka riƙa ɗaukar ɗaya kullum kana haɗawa da na ranar.

Daga sati na biyu biyar a rana, Litinin zuwa Juma'a, daga dangi ɗaya. Kada ka yi zari ka ce 20 za ka sha a rana ɗaya, na ga masu yin haka, ranar Laraba suke ajiye littafin.

MATAKI NA 4: Faɗa da ƙarfi

Karatun zuci ba ya aiki a nan. Yadda almajiri yake ɗaga murya a kan allonsa haka za ka yi, kowace kalma sau goma, amma da jimlolin nan uku na saman shafi: every day I drink, yesterday I drank, I have drunk. Yana ɗaukar lokaci fiye da drink drank drunk kawai, na sani, sai dai shi ne yake fitowa daidai ranar da kake magana da mutum. In kana da waya ka saurari furucin a ƙamus na waya kafin ka fara, don kada ka haddace kuskure, cire shi ya fi sa shi wuya. Said "sed" ake cewa, meant kuma "ment". Sannan ka naɗi muryarka kana faɗin gida na ɗaya, ka yi shiru na daƙiƙa uku, ka faɗi sauran. In kana cikin Keke Napep daga Wunti zuwa Yelwa ka sa abin kunne, a cikin shirun nan ka riga muryar taka ba da amsa.

MATAKI NA 5: Sa su a cikin rayuwarka

Kowace kalma jimla biyu a littafi, ɗaya da gida na biyu ɗaya da na uku, kuma sharaɗina shi ne jimlar ta zama gaskiya ko aƙalla abin da ka sani da idonka. Ban yarda da "John went to London" ba. Rubuta I bought tomatoes at Muda Lawal yesterday. Rubuta my mother has sold all the masa. Rubuta NEPA took the light at eight. Abin da ya shafe ka shi ne yake zama.

Da dare kafin ka kwanta ka rubuta layi biyar na abin da ka yi a ranar, duka a gida na biyu. A ƙarshen sati kuma ka ɗinke kalmomin satin su zama labari guda. Akwai wata yarinya 'yar ajin ƙarshe da take zuwa lesin, kullum swim da steal suna kufce mata, na ce ta rubuta min labarin zuwansu Yankari da makarantarsu. Ta kawo: we woke up early, we ate masa, the driver drove fast, we saw many baboons, the boys swam in Wikki, a baboon stole my bread and ran away. Tana karantawa ajin yana dariya domin duk wanda ya je Wikki ya san halin gwaggon birin wajen da abincin mutane. Na ce to yanzu juya min shi, ki ce an sace burodin. Ta yi jim, ta ce "Malam, my bread was stolen?" Tun daga ranar ban sake jan layi a ƙarƙashin steal a takardarta ba.

MATAKI NA 6: Kati da gwangwani, wato muraja'a

Yanka kwalin ƙanana kamar girman katin waya na da. A gaba ka rubuta ma'anar da Hausa, misali "saya", a baya buy bought bought. Na fi son Hausa a gaba domin a zahiri daga Hausa tunaninka yake tasowa lokacin da kake neman kalmar. Rubuta 1, 2, 3 a jikin gwangwanayen. Duk sabon kati gwangwani na 1 yake shiga, shi kuma kullum ake duba shi. Wanda ka amsa daidai ba tare da inda-inda ba ya wuce na 2, wanda ake dubawa bayan kwana uku-uku. In ya sake cin jarrabawa ya wuce na 3, na ranar Asabar kawai. Duk katin da ka faɗi a kansa, ko daga na 3 ne, ya dawo na 1, babu sassauci babu "ai na sani mantawa na yi".

Wani Bajamushe ne mai suna Sebastian Leitner ya yaɗa wannan tsarin na akwatuna a 1972, kuma tun 1885 wani ɗan ƙasarsu Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko da kwanakin farko bayan an koyi abu, daga nan ta lafa. Mu kam ba baƙon abu ba ne a wajenmu, duk mahaddaci ya san sabuwar hadda kullum ake bin ta, tsohuwa kuma a yi mata zagaye, wanda ya bar tilawa ya san abin da ke biyo baya. Mai wayar Android zai iya sauke AnkiDroid, kyauta ce kuma tana aiki ba data, wannan lissafin take yi maka da kanta. Duk da haka masu gwangwani sun fi ɗorewa a cikin ɗalibaina, domin waya kana ɗauka don kati sai ka tsinci kanka a TikTok.

MATAKI NA 7: Dokoki biyu da suke hana zubar da maki

Ta farko: bayan did, didn't, will, can, must, should da to, gida na ɗaya ake sawa. Did ta riga ta ɗauki nauyin "jiya", ba a ɗora wa kalma biyu kaya ɗaya. Did you see him, I didn't go, she could not come. Ka tuna da Hausa, a "ban saya ba" ai ɗan abin da ke gaba ne ya yi aikin, saya tana zaune yadda take.

Ta biyu: gida na uku ba ya fita sai da ɗan rakiya. Ko dai have, has, had, ko kuma is, are, was, were, been in an yi wa abu aiki ne. He has taken it, the letter was written, the window is broken. "I seen him" ba daidai ba ne domin babu ɗan rakiya, "I have saw him" ma ba daidai ba ne domin an ba ɗan rakiya wanda ba nasa ba. Akwai ƙari ɗaya, in ka ambaci lokacin da ya wuce kamar yesterday ko last year ko in 2020, gida na biyu za ka sa, I saw him yesterday, ba a haɗa have da yesterday. Rubuta dokokin nan a bangon farko na littafinka da jan biro.

MATAKI NA 8: Tagwaye masu ruɗarwa

Waɗannan sai an ware musu sati guda, kuma masu shirya tambayoyin zaɓi na WAEC da JAMB suna ƙaunarsu.

Fall fell fallen faɗuwa, feel felt felt ji a jiki ko a rai, fill filled cikawa. "I felt down" in kana nufin ka faɗi kuskure ne, I fell down. Lend lent lent bayar da aro, borrow borrowed karɓar aro, mu kalma ɗaya muke juyawa, ara min da na ara, shi ya sa "borrow me your biro" ta kama bakinmu, lend me ne daidai. Find found found samu, found founded kafawa: Malam Yakubu founded Bauchi in 1809. Rise rose risen abu ya tashi da kansa kamar rana ko farashin masara, raise raised wani ya ɗaga shi. Lose lost lost asara ko ɓatarwa, loose mai o biyu sako-sako ne. Leave left bari ko tafiya, live lived zama. Bought saye, brought kawowa, r ɗin nan kaɗai ya raba su, ka tuna bring ma tana da r. Thought da taught da sought kuma a bakin Bahaushe sukan zama abu ɗaya, don haka a thought ka sa bakin harshe tsakanin haƙora ka hura.

Mafi wuya su ne 'yan ukun nan: lie lay lain kwanciya, lay laid laid ajiyewa ko shimfiɗawa ko kaza ta yi ƙwai, lie lied lied ƙarya. Turawan kansu suna tuntuɓe a nan. Jimla uku nake sa yara su haddace kamar karatu, the baby lay on the mat, the hen laid an egg, the boy lied to his father, duk lokacin da suka rikice su koma kansu.

Za ka kuma ga learnt da learned, burnt da burned, dreamt da dreamed, spelt da spelled. Duka daidai ne, masu t sun fi yawa a Turancin Ingila wanda shi makarantunmu suke bi, masu -ed a na Amurka. Gotten ma ta Amurka ce, a jarrabawa rubuta got. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai cikin takarda guda.

MATAKI NA 9: Gwajin Asabar

Miƙa wa abokin karatunka katunan ya cakuɗa su, ya faɗi Hausar, sannan ya ce "jiya" ko "have" ko "didn't", kai kuma ka ba da jimla nan take. In ya ce "rubuta, didn't" ka ce I didn't write. In ya ce "rubuta, have" ka ce I have written. Bayan na baki sai na rubutu, guda 20, domin baki yana iya faɗin caught daidai hannu ya rubuta wani abu daban. Duk wadda ka faɗi ka shigar da ita shafin ƙarshe na littafin, shafin kurakurai, da kuskuren da gyaransa gefe da gefe. Daga nan ka ɗauki tsohuwar jaridar Turanci, ko wadda aka naɗo maka ƙosai a ciki ce, ka zagaye duk irregular verb da ka gani a labari ɗaya ka faɗi gidan da take da dalilin da ya sa. Labaran jarida cike suke da said, told, held, was taken, has begun.

Idan babu wanda zai yi maka tambaya, ka jera katunan a tabarma Hausar tana sama, ka rubuta amsoshin duka a takarda kafin ka juya ko ɗaya, kada ka riƙa leƙawa ɗaya bayan ɗaya domin ido yana saurin cewa "ai na sani". Idan jarrabawa saura sati biyu ne, bar dogon tsarin, ɗauki manyan 15 na mataki na 2, dangin -ought, dangin da ba sa canzawa, dokoki biyun nan da tagwaye, ka haɗa da tsofaffin tambayoyin shekarun baya. Idan kuma kai babba ne da magana kawai kake so don kasuwa, fara da na sana'arka: buy, sell, pay, send, bring, give, take, keep, lose, spend, cost, lend, ka riƙa tura wa wani amintacce saƙon murya na jimla biyar kowace yamma kan cinikin ranar, I sold ten bags, I have sent the money, he hasn't paid me.

Akwai kalma ɗaya ko biyu da za su ƙi zama duk yadda ka yi, kowa yana da nasa, wasu choose chose chosen ce, wasu lie. Irin wannan ka cire ta daga gwangwani, ka rubuta jimlolinta uku da manyan baƙi a takarda ka manna a jikin ƙofar ɗakinka daidai inda hannunka yake kamawa, duk fita duk shiga sai ka karanta da ƙarfi, kwana bakwai. Ranar ta takwas ka cire takardar ka mayar da katin gwangwani na 2, ka manna ta gaba.